Ranar da na tsaya bara a Latrobe

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba ya dukan yaro a kan ƙiriniya. Amma ya kama ka kana bin hannun baƙo da ido, ranar sai ka gwammace kiɗa da karatu. "Kwaɗayi mabuɗin wahala," haka zai ce, sannan ya aika a karyo tsumagiya. Da wannan tarbiyya na bar Zariya, da ita na yi shekara goma sha huɗu a birnin Pittsburgh na Amurka. Shi ya sa har yau nake dariyar kaina idan na tuna wata ranar Asabar a watan Agustan 2023, da na tsinci kaina jingine da shinge cikin tsakar rana, da furfurata da komai, na miƙa hular kwano sama ina ƙwala wa wani saurayi kira, saurayin da na kusa haifarsa.

Ɗana ne ya ja ni. Shekararsa tara a lokacin, a nan aka haife shi, Hausarsa irin ta 'yan koyo ce, amma ka tambaye shi lambar rigar kowane ɗan wasan Steelers, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta garin, zai zayyano maka kamar karatun allo. Ba laifinsa ba ne. Garin nan baƙi da ruwan ɗorawa ya rine shi, daga rigunan 'yan makaranta har fentin gadojin da ke kan kogi. Ni kuwa na daɗe ina yi wa wasan kallon hadarin kaji. Wai ƙwallon ƙafa, alhali ƙafa ba ta cika taɓa ta ba, sai ƙarti su yi karo, a busa usur, a tsaya shawara, a sake karo. Na ce masa wannan ai dambe ne aka saka masa ƙwallo don kada hukuma ta hana. Bai yi dariya ba.

Kowace shekara, daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, ƙungiyar takan tattara ta koma wani ƙaramin gari mai suna Latrobe, tafiyar kamar mil 40 gabas da Pittsburgh, ta yi sansanin atisaye a kwalejin Saint Vincent. Makarantar 'yan Katolika ce, limamansu masu dogayen baƙaƙen riguna suna nan suna kai da kawo. Tun 1966 Steelers ke zuwa can, in ban da 2020 da 2021 da annobar korona ta tsare su a gida. Shiga kyauta ne, tikiti kawai za ka ɗauka a waya. Ga iyalin da ba za su iya sayen kujera huɗu a filin ƙungiyar na Acrisure ranar wasa ba, wannan ita ce damarsu ta ganin 'yan wasa ido da ido.

Tun daren Juma'a yaron ya shirya kayansa. Ƙaramar hular kwano irin ta ado, alƙalamin Sharpie guda biyu, da tawul ɗinsa mai ruwan ɗorawa. Na ce me ya sa alƙalami biyu, kuma me ya sa mai ruwan azurfa? Ya dube ni da tausayi.

"Baba, hular baƙa ce. Baƙin alƙalami ba zai fito ba."

Ya kuma nuna min abin da ban taɓa lura da shi ba: tambarin Steelers a gefe ɗaya kawai yake, na dama. Hagu fili ne fetal. "Nan za su sa hannu," in ji shi.

Tawul ɗin nan ma yana da tarihi, kuma shi kaɗai ne kayan ƙungiyar da nake saye ba tare da na yi tsaki ba. Wani mai sharhin wasa a rediyo, Myron Cope, shi ya ƙirƙiro shi a 1975, ya ce magoya baya su zo fili da tawul mai ruwan ɗorawa su riƙa kaɗawa. Abu kamar wasa ya zama alamar gari, suna kiransa Terrible Towel. A 1996 ya sadaukar da haƙƙin mallakarsa ga makarantar Allegheny Valley, wadda ke kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa, inda ɗansa na cikinsa yake zaune. Cope ya rasu a 2008, kuɗin tawul na ci gaba da shiga can.

Mun isa da hantsi, muka ajiye mota a kan ciyawa inda masu riguna masu ƙyalli suka nuna mana. Atisayen sai wajen ƙarfe biyu, amma tudun da ke kallon filin ya riga ya cika da kujerun naɗewa da kuloli da lema. Hasumiyoyin cocin suna can sama, tsaunuka a bayansu, kore shar. Zafi kuwa irin mai ɗanɗano gumi ne, kamar na Lakwaja. Da lokacin azahar ya yi na koma bayan mota na shimfiɗa darduma, wata tsohuwa mai rigar Steelers ta janye jikanta daga gabana ba tare da ta ce uffan ba.

Atisayen kansa ban fahimci rabinsa ba. Abin da yaron ya fahimtar da ni shi ne lissafi: mutum 90 ne a filin, kuma kafin a fara kaka sai an rage su zuwa 53. Wato cikin waɗannan da ke gudu a gabanmu, kusan mutum arba'in gwajin aiki suke yi, wasunsu an ɗauko su daga jami'a ba tare da kowa ya zaɓe su a ranar zaɓen 'yan wasa ba. Kocinsu Mike Tomlin na zagayawa a tsakaninsu. Daga nan na fara kallon filin da wani ido.

Ana busa usur na ƙarshe sai wuri ya rikice. Kowa ya yi wajen shingen da ke bin hanyar da 'yan wasa ke hawa zuwa ɗakin sauya kaya. Yara a gaba, iyaye a baya, hannaye a sama: huluna, ƙwallaye, hotuna, riguna, wata ma takalmin jariri ta ɗaga. Sai kiraye-kiraye. "T.J.! T.J.!" Wato T.J. Watt mai lamba 90, wanda a kakar 2021 ya kayar da masu jefa ƙwallo sau 22 da rabi, ya kamo tarihin da aka kafa a gasar. Wasu na kiran Cam Heyward mai lamba 97. Wani yana ihun ranar haihuwarsa ce, wani yana cewa daga jihar Texas ya tuƙo mota.

Na san wannan sauti. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gidan biki ko bakin fada ranar hawan sallah ya san shi. Ka ambaci sunan babba da ƙarfi, ka tuna masa bajintarsa, ka miƙa hannu. Bambancin kawai, maroƙinmu na gida sana'arsa ce kuma ya gaje ta, yana tafiya da abin cefane. Nan likitoci ne da lauyoyi da direbobin manyan motoci suke yi, kuma abin da suke nema zanen tawada ne da ko mai shi ba zai iya karantawa ba. Na ja da baya na harɗe hannu. Ni direba ne kawai yau, na ce a raina.

Ban yi minti biyar a haka ba. Wani babban mutum, ƙila sa'ana, ya kutso da jaka irin ta matafiya, cike da hotuna a cikin leda da ƙananan huluna, ya tokare yara biyu da gwiwar hannu ya samu gaba. Ina kallonsa yana rarraba wa yaran da ke kusa hotuna yana yi musu raɗa. Ya sunkuyo kan ɗana ya ce in ya samo masa sa hannun Watt a kan wannan hoto zai ba shi dala goma. Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na karɓi hoton na mayar masa, na ce yaron nan da ubansa ya zo. Ya ɗaga kafaɗa ya juya ga wani yaron. Daga nan ban sake barin bakin shingen ba, na ɗora yaron a wuyana, hular ta dawo hannuna.

Dillalai ne, kuma kasuwarsu babba ce. Sa hannun da aka samu kyauta da rana, da daddare yana kan kasuwar intanet ta eBay da farashi. Akwai kamfanonin da aikinsu kenan tantance sa hannu, irin su PSA da JSA da Beckett, su manna wa kaya 'yar takarda mai lamba, domin jabu ya yi yawa. A ƙarshen shekarun 1990 har hukumar FBI sai da ta yi wani babban samame mai suna Operation Bullpen a kan masu ƙera sa hannun bogi. 'Yan wasan ma sun san dawan garin. Shi ya sa wani zai tsallake hannun babba ya karɓi na yaro, wani kuma zai tambayi sunanka ya rubuta a kai, don kayan da aka rubuta wa sunan wani ba ya daraja a kasuwa. Wanda ke son tabbas sai ya je taron da ake shiryawa na kuɗi, a kanti ko zauren baje koli: ka sayi tikiti, hoto da farashinsa, hula da nata, in kana son ya ƙara kalma biyu ka ƙara kuɗi, ka bi layi, daƙiƙa goma an sallame ka.

Kuma in ka ji kuɗin da ke yawo ba za ka ga baiken mai jakar sosai ba. A Oktoban 2021 Tom Brady, mai jefa ƙwallo na ƙungiyar Tampa Bay a lokacin, ya jefa ƙwallon cin maki ta 600 a rayuwarsa, abin da babu wanda ya taɓa yi. Mike Evans da ya cafe ta bai san da lissafin ba, ya ruga ya miƙa wa wani ɗan kallo kyauta. Sai da jami'in ƙungiyar Tampa Bay ya je ya lallaɓa mutumin ya dawo da ita, aka ba shi riguna da hula masu sa hannu, tikitin kaka, da dala 1,000 na sayayya a kantin ƙungiya, Brady ya ƙara masa da Bitcoin guda. Duk da haka mutane suka yi ta cewa an yi masa wayo. Bayan 'yan watanni wata ƙwallon, wadda aka ɗauka ita ce ta ƙarshe da Brady zai ci maki da ita, aka yi gwanjonta sama da dala 518,000 a Maris na 2022. Washegari Brady ya ce ya fasa ritaya. Sai da aka warware cinikin.

Watt ya tsaya, amma can ɗaya ɓangaren, jama'a suka rufe shi, daga bisani ya haura tudu. Ina jin nauyin yaron ya canza a wuyana. Ni kuma, tunda kunyar ta riga ta zube, sai na shiga neman nawa: Chukwuma Okorafor mai lamba 76, haifaffen Najeriya, da Larry Ogunjobi mai lamba 99, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Na hango ɗaya daga nesa na ɗaga murya na ce "Naija!" har sau uku. Muryar ta ɓace cikin hayaniya. Ɗana ya leƙo fuskata ta sama ya ce, "Baba, kai ma?"

Wuri ya fara watsewa, mai jaka ya tafi, masu gadi suna naɗe igiya. Sai ga wani can a ƙarshe yana tahowa shi kaɗai, dogo, gumi ya jiƙa shi sharkaf, yana rungume da huluna uku da sulken kafaɗa na wasu. Al'adarsu ce, sabon shiga shi ke ɗaukar wa manya kaya. Babu wanda ya kira shi, domin babu wanda ya san sunansa. Ɗana ya zaro takardar jerin 'yan wasa daga aljihu, ya bi lambar da yatsa, ya kira sunan.

Saurayin ya tsaya cak. Ya waiga bayansa kamar yana neman wanda ake nufi. Sannan ya zube kayan a ƙasa ya iso shingen.

Ya tambayi yaron sunansa, ya ce ya faɗa masa harafi-harafi, ya ɓata ɗaya ya gyara, ya ba shi haƙuri. Ya sa hannu a gefen hagu, a hankali, kowane harafi na fita, ba irin zanen tsutsar da manyan ke yi ba. Ya tambaye shi ko yana buga wasa. Sannan ya cire safar hannunsa ta dama, jiƙe, ya danƙa masa. Ya dube ni ya ce, "Na gode da kuka tsaya, yallaɓai." Shi ne ke yi mana godiya. Na ce masa Allah ya ba da sa'a, da Hausa ta fito min, ya gyaɗa kai kamar ya ji.

A hanyar komawa motar ta cika da warin safar nan. Uwargida na buɗe ƙofa ta toshe hanci ta ce wannan abin ba zai kwana mata a ɗaki ba, sai an wanke. Yaron ya ce in an wanke ta ai ta tashi daga aiki. Aka sasanta a kan ledar da ake zuge bakinta.

Ranar 29 ga Agusta aka fitar da sunayen mutum 53. Yana dawowa daga makaranta ya karɓi wayata, ya karanta jerin daga sama har ƙasa, ya sake. Washegari aka fitar da na 'yan ko-ta-kwana su 16, nan ma ya duba. Ya ajiye wayar a kan tebur.

"Baba, to yanzu ina zai je?"

Na ce ƙila wata ƙungiyar ta kira shi, ƙila ya koma garinsu ya nemi aiki. Mahaifiyarsa daga kicin ta ce kowa da inda abincinsa yake, Allah ya buɗa masa wata ƙofar. Yaron ya ce amin, ya tashi ya shiga ɗaki. Da na leƙa da daddare na ga ya juya hular a kan kantar ɗakinsa, tambarin na kallon bango, gefen hagu na kallon ƙofa. Har yanzu duk ranar Lahadi kafin a fara wasa sai ya karɓi wayata ya rubuta sunan nan, ko wani ya ɗauke shi.