Asabar a filin ƙwallon kwando

Asabar, Samaru, bayan isha'i.

Da hunturun nan ban yi niyyar leƙa ko ƙofar gida ba, amma uwar yara ta ce sai na raka autanmu fili na ga kocin nan da ya cika mana kunne da shi. Shekarar yaron goma sha huɗu, ya riga ya kere ni tsawo, kuma tun da ya fara ƙwallon kwando ba a jin komai a bakinsa sai “Koci ya ce”. Na ja hula na rufe kunne muka hau babur.

Filin siminti ne, ya tsage ta gefe ɗaya, kwando ɗaya ma babu raga. Yara sun cika shi, har da 'yan mata sanye da dogon wando da ƙaramin hijabi, ƙwallaye kuwa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Kocin dogo ne, furfura ta fara fito masa, yana ɗan ɗingishi. Ya buga wa ƙungiyoyi a gasar ƙasa, ya ɗan taɓa wasa a waje, gwiwa ce ta dawo da shi gida.

Na zaci zan ga ana ta jefa ƙwallo a kwando. Ina! Kusan awa guda yaran nan ba wanda ya ɗaga kai ya dubi kwandon. Buga ƙwallo a ƙasa da hannun hagu, juyi a kan ƙafa ɗaya ba tare da an ja ta ba, tafiya a durƙushe gefe-gefe kamar masu shara da gajeren tsintsiya. Wanda ya kalli ƙwallon yana bugawa sai ya ji usur. Ɗana ya sha usur har na fara jin kunya.

Da aka ba su hutu na je muka gaisa. Na ce, “Malam, tsakani da Allah, wannan abin yana da makoma kuwa? Yaron nan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kawai yake mafarki.”

Ya yi dariya ya ce, “Alhaji, ƙungiya 30 ce a can, sabbin 'yan wasa wajen 60 suke ɗauka a shekara, daga duniya gaba ɗaya. Ni ban taɓa yi wa uban kowa alƙawarin NBA ba.” Sai ya nuna yamma da usur ɗinsa ya ce ai Masai ma bai buga ta ba.

Duk Bazazzagin da ke bin wasan nan ya san Masai Ujiri. A Ingila aka haife shi a 1970, aka dawo da shi Zariya yana ɗan shekara biyu, ya taso yana tamaula irin ta kowane yaro, sai da ya kai sha uku ya kama ƙwallon kwando. Oliver Johnson, Ba'amurken da ake kira Koci OBJ, wanda ya shafe shekaru yana horar da yara a garin nan, yana cikin waɗanda suka sa shi a hanya. Masai ya tafi Amurka, ya yi wasa a wata ƙaramar kwaleji a Bismarck, can Dakota ta Arewa inda sanyi ya fi namu na yau nesa ba kusa ba. Daga nan ya yi wajen shekara shida yana yawon wasa a Turai, Ingila ne, Beljiyam ne, Jamus ne, ba tare da sunansa ya yi wani tashe ba.

Mutane sun fi son ba da labarinsa daga 2019, shekarar da ƙungiyar Toronto Raptors, yana shugabanta, ta doke Golden State ta ɗauki kofin NBA. Ni kuwa da nake zaune a kan bulo ina kallon kocin nan, shekarar 2002 ce ta tsaya mini a rai. A shekarar ya ajiye wasa, ya koma horar da matasa a Najeriya, aikin da ba kuɗi ba suna. Raka wani matashin ɗan wasa ya yi zuwa gwaji a Orlando, a can aka lura yana da idon gane yaro mai baiwa, ƙungiyar Magic ta ba shi aikin zaƙulo 'yan wasa, ba albashi, shi yake biyan kuɗin tafiyarsa. Sai daga baya Denver ta ɗauke shi da albashi. A 2003, tun bai zama kowa ba, ya kafa Giants of Africa don shirya wa yara sansanin horo. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon jami'in gudanarwa na NBA. A ganina wannan idon ba a ofis ya same shi ba. Wanda ya yi wasa bai zama tauraro ba ya san dalla-dalla abin da ya hana shi, shi ya sa yake saurin hango shi a jikin yaro. Tauraro sau da yawa bai ma san yadda yake yin abin da yake yi ba, balle ya koyar.

Na faɗa wa kocin haka, ya ce ban da zuga. Ya ce shi damuwarsa uku ce: takalmi, sakamakon jarrabawa da takardar haihuwa. Yaron da ya faɗi jarrabawa benci zai zauna har zangon gaba, domin ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce gurbin karatu, kuma makarantun waje sai sun ga takardu kafin su ga tsawo. Batun haihuwa kuwa, ya ce iyaye da kansu suke zuwa roƙonsa a rage wa yaro shekara biyu ko uku, shi kuma ya rantse ba da hannunsa ba, don ya ga waɗanda aka kama aka koro.

A ƙarshe ya raba su biyar-biyar suka yi wasa. Wata yarinya 'yar firit ta ƙwace ƙwallo a hannun ɗana ta wuce shi ta hagu ta zura, fili ya kaure da ihu. A hanya bai ce mini uffan ba sai da muka kusa gida, ya ce, “Abba, ai ta fi ni daɗewa.” Da la'asar na ji dum-dum a tsakar gida, uwarsa tana faɗa zai fasa mata randa. Da hagu yake bugawa.

Tun a fili kocin ya duba ƙafar yaron ya ce kambas ɗin ya matse shi, farcen babban yatsa har ya fara baƙi. Lamba 45 yake sawa yanzu. Gobe in Allah ya kai mu sai Sabon Gari wajen 'yan gwanjo, Litinin kuma in nemo takardar haihuwarsa a cikin akwatin uwarsa in kai a yi hoto.