Fuskokin aro na 'yan amshin Antigoni: inda aiki ya kai

'Yan uwa masu koyon aikin dandamali, fuskokin 'yan amshi sun bushe, saura fenti da gashi. Ga waɗanda suka shigo daga baya, ƙungiyarmu na shirya wasan Antigoni na marubucin Girka Sofokilis, wanda aka fara yi a birnin Atina wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Labarin yarinyar nan ce da ta binne gawar ɗan uwanta bayan sarki Kiriyon ya hana, aka rufe ta a kogo da ranta. 'Yan amshin wasan dattawan birnin Tibis ne, su 15, kuma fuskokinsu aka ɗora mini.

Ko ɗaya daga cikin fuskokin da Girkawa suka sa a wancan zamani ba ta kai yau ba, domin da yadin lilin da makamantansa masu ruɓewa aka yi su. Daga cikin abin da ya rage akwai zane a jikin tukwane, musamman tulun Pronomos da ke gidan tarihi na Napoli a Italiya, inda 'yan wasa ke riƙe da fuskokinsu a hannu. Da na ƙura wa hotonsa ido sai na ga fuskokin lafiyayyu ne irin na mutane, baki a ɗan buɗe. Wangamemen bakin nan da zazzaro ido da ake bugawa a takardun tallar wasan kwaikwayo na wani zamani ne da ya biyo baya.

Ga yadda na yi. Na ƙera fuska da yumɓu, ta ɗan fi ta mutum faɗi, na shafe ta da basilin. Sai na yayyaga yadin akoko ƙanana, na tsoma a sitaci mai kauri da aka dama da ɗan ƙaro, na yi ta liƙawa bisa juna, tsakani kuma ina sa takardar buhun siminti don ƙarfi. A inuwa ake shanyawa. Rana na murɗe ta, goshi ya lotsa. Ciki kuwa sai an manna soso a goshi da kumatu, in ba haka ba gumi ya jiƙa sitacin ta yi laushi.

Inda muka fi daɗewa muna gardama shi ne yanayin fuskar. Wasu na son a ƙera ta da gira a haɗe, tunda wasan na baƙin ciki ne. Ban yarda ba. Dattawan nan da murna suke shigowa, an kori mayaƙan birnin Argos da suka kawo hari daga ƙofar gari. Daga nan su yi ta lallaɓa sarki, sai can bayan makahon boka Tiresiyas ya yi gargaɗi suke samun bakin ce masa ya saki yarinyar. Fuskar da aka daskarar da kuka a kanta ba za ta iya wannan tafiyar ba. Wadda ba ta nuna komai kuwa, in mai ita ya sunkuyar da kai fitila ta zuba inuwa a ramin ido, sai ka rantse kuka take. Ya ɗaga haɓa, ta koma mai izza. Wuya da kafaɗa ne ke wasan. Na ga haka a hotunan Oresteya, wani tsohon wasan Girkawa da Peter Hall ya shirya a Landan a 1981, maza zalla kuma kowa da fuskar aro, wanda aka kai dandalin Epidauros na ƙasar Girka a 1982.

Kada wani ya ruɗe ku cewa bakin fuskar na ƙara murya kamar lasifika. A gwajinmu danne ta yake yi, musamman haruffan leɓe irin su "b" da "m". Na faɗaɗa bakin kaɗan, na kuma bar rata tsakaninsa da leɓe, an samu sauƙi. Amma maganin gaskiya shi ne ɗan wasa ya fuskanci 'yan kallo in zai yi magana, ya rage sauri. Ramin ido ma na tauye gani ta gefe, don haka dattawanmu ke ta karo da juna wajen juyawa. Yanzu da ƙidayar taku suke juyi.

Gashi ne ya rage mini ciwon kai. Auduga na kwanciya da zarar ta sha gumi, zaren buhu kuma na ƙyalli a fitila. Zan gwada rama da aka tsefe, a rina ta da ruwan toka. Wanda ya taɓa liƙa rama a jikin yadi mai sitaci, don Allah ya faɗa mini gam ɗin da ya riƙe masa.