Kilomita 21 ba ta son gaggawa

Duk wanda ya ji ka shiga gasar gudu, tambayar farko da zai jefo maka ita ce "to na nawa ka zo?" Ni kam yanzu dariya kawai nake yi. Na nawa kuma, a gasar da mutane dubbai suka fito, wanda ya zo na ɗaya ya gama ya karɓi kyautarsa ya canja kaya ni kuwa ban daɗe da wuce rabin hanya ba. Ku duba fa, Yomif Kejelcha ɗan Habasha ya yi rabin fanfalaki, wato gasar gudun kilomita 21, a birnin Balensiya na Sifaniya a 2024 cikin minti 57 da sakan 30, wato kowace kilomita a ƙasa da minti 2 da sakan 45, kuma sau 21 a jere ba tsayawa. A ɓangaren mata Letesenbet Gidey ta yi awa 1 da minti 2 da sakan 52 a wannan garin dai a 2021. Ni idan na gwada kilomita ɗaya tak da wannan saurin sai dai a kwashe ni ranga-ranga.

Irinmu masu gudun sha'awa da muke tashi da duku-duku mu yi gudu mu dawo mu watsa ruwa mu wuce wajen aiki, lissafinmu daban ne. Burin da yawa daga cikinmu shi ne a gama ƙasa da awa 2, shi kuma yana buƙatar ka riƙe minti 5 da sakan 41 a kowace kilomita tun daga farko har ƙarshe. Mai neman awa 2 da kwata, minti 6 da sakan 24 ne nasa. A takarda ba wani abu bane, kowa zai iya kilomita ɗaya a haka. Ta 18 ɗin ce ake jin jiki.

Abin da na lura da shi tun da na tashi daga gasar kilomita 5 da 10 na koma 21 shi ne, waɗancan gajerun kana iya cin su da taurin kai. Ka fita da wuta, numfashi ya ƙare maka a tsakiya, ka cije ka ja jiki ka ƙarasa, minti ashirin na wahala kowa zai iya haɗiyewa. Rabin fanfalaki ba ta yarda da wannan. Tsawonta kilomita 21.0975 ne, rabin kilomita 42.195 na cikakkiyar fanfalaki cif, kuma duk sakan ɗin da ka sata a kilomita biyar na farko sai ta karɓe shi da riba a biyar na ƙarshe. Shi yasa a ganina abu mafi wuya a duk tirenin ɗin ba gudu da sauri bane, koyon gudu a hankali ne, kuma wallahi ya fi yadda ake zato wuya.

Dalili kuwa kunya ce, ba komai ba. Kana tafe a bakin titi kana ɗan sassarfa, wani ya zo ya wuce ka fuuu, sai ka ji ƙafarka ta ƙara wuta da kanta ba tare da ka ba ta umarni ba. Ga kuma Strava, manhajar nan ta waya da masu gudu ke ɗora fitarsu, inda kowa ke ganin saurin da kowa ya yi, mutum baya so a ga minti 7 a shafinsa sai ya mayar da kowace fita tamkar gasa. A haka za ka ga mutum kullum yana gudu a tsaka-tsaki, bai yi a hankalin da jiki zai huta ya ginu ba, bai kuma yi saurin da zai ƙara masa komai ba, kullum a gajiye, bayan wata biyu ƙwauri ya fara ciwo ya ce gudu bai karɓe shi ba.

Akwai wani masanin motsa jiki, Stephen Seiler, Ba'amurke ne amma a Norway yake aiki, ya bi diddigin yadda manyan 'yan wasan dogon zango suke atisaye, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yi, ragowar ne kawai mai zafi. To idan waɗanda abincinsu ke nan suna haka, mu da muke yi don lafiya da nishaɗi ina muke sauri zuwa? Awon da nake amfani da shi mai sauƙi ne, ba sai da agogo mai tsada ba: idan ina gudu da abokin tafiya kuma zan iya ba shi labari cikakke, jimla bayan jimla ba tare da haki ya yanke min magana ba, to daidai nake. Idan sai dai "eh" da "a'a" nake iya fitarwa to na zarce, sai in sassauta.

Kuma wannan gudun da ake rainawa shi ke yin aikin a ɓoye. Zuciya na koyon tura jini da yawa a bugu ɗaya, ƙananan jijiyoyin jini na ƙaruwa a cikin tsoka, jiki na sabawa da ƙona kitse ya riƙa tattalin sukarin da ya adana. Sai dai akwai tarko a nan wanda ya kamata sabon shiga ya sani. Numfashi yana gyaruwa da wuri, cikin 'yan makonni za ka ji ka zama wani mutum daban, amma ƙashi da jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi sun fi jinkirin sabawa nesa ba kusa ba. Ƙirji na ce maka ƙara, gwiwa da agara ba su shirya ba. Yawancin raunukan da na gani a wajen abokan gudu a wannan taƙin suka same su, lokacin da suka fara jin daɗin abin. Shi yasa ake yawan ba da shawarar kar ka ƙara sama da kashi 10 cikin 100 a kan kilomitocin makon da ya wuce, ba wai doka ce da aka sassaƙa a dutse ba, amma tana taka wa zumuɗi burki.

Tsarin mako ba wani sirri a ciki. Fita uku ko huɗu, ɗaya doguwa a ƙarshen mako, ɗaya mai ɗan zafi, sauran a hankali, sai ranakun hutu waɗanda su ma tirenin ne ko da mutum bai yarda ba. Mai zafin ni na fi son salon nan da aka samo daga Suwidin, fartlek, ka zaɓi wata bishiya ko turken lantarki can gaba ka ƙara wuta har ka kai, ka sassauta ka huce, ka sake zaɓar wani. Ba lissafi ba takura.

Doguwar fitar ce uwa uba. Daga kilomita 8 ko 10 ake farawa ana ɗan ƙarawa har a kai 16 ko 18, yawanci cikin wata uku, kuma ba dole bane sai ka taɓa yin 21 ɗin kafin ranar gasa. A nan ne ake gwada komai. Safar da ba ta tayar da bororo, wandon da baya goge cinya, inda za a shafa basilin, abin da ciki ke karɓa kafin fita da wanda baya karɓa. Maza kuma a kula da kan nono, na san abin dariya ne a faɗa amma riga mai jiƙe da gumi idan ta yi awa biyu tana gugarsa har jini take fitarwa, ɗan filasta ya wadatar. Wanda kuma ya ga ba zai iya gudun a jere ba, babu abin kunya a haɗa gudu da tafiya, Jeff Galloway da ya yi wa Amurka gudu a gasar Olamfik ta 1972 shi ya yaɗa wannan tsarin, ka yi gudu 'yan mintoci ka taka minti ɗaya tun daga farko, ba sai ka galabaita ba. Na sha ganin masu yin haka sun riga waɗanda suka rantse ba za su tsaya ba isa.

Mako biyun ƙarshe ana rage gudu don jiki ya murmure. Lokacin ne za ka fara jin ciwon ƙarya ko'ina, ka riƙa tunanin duk ƙarfinka ya zube. Bai zube ba, a bar shi kawai.

Ranar gasa kuwa duk wannan haƙurin da aka koya a nan ake jarraba shi. An cunkushe a bayan layi kafaɗa da kafaɗa, lasifika na tashi, wannan na tsalle a wuri ɗaya wancan na daddanna agogo, warin man zafi ya cika wajen. Ana busa usur sai ka ga mutane sun ɓalle, ana kutsawa ana hawa gefen titi don a wuce na gaba. Alhali babu dalili, don a yawancin gasanni akwai 'yar na'ura manne a bayan lambar da ke ƙirjinka, lokacinka baya fara ƙirguwa sai ka taka shimfiɗar da ke kan layin farawa. Ga jiki ya huta ga zumuɗi, saurin da ya fi ƙarfinka sai ka ji shi kamar wasa. Ni dokar da na sa wa kaina ita ce kilomita uku na farko in ji kamar ina ɓata lokaci, idan ban ji haka ba to na yi sauri. Idan akwai masu riƙe lokaci, waɗanda ke ɗauke da tuta ko balan-balan an rubuta 2:00 ko 2:15, sai in laɓe a bayansu in bar musu lissafin.

Wajen shan ruwa ma fasaha ce. Kar ka tsaya a teburin farko inda kowa ya yi dafifi, wuce na gaba, ka karɓi kofin takardar ka matse bakinsa ya zama ɗan tsukakke sannan ka kurɓa ta gefe, in ba haka ba rabi a hanci zai tafi rabi a riga. Ƙasa kuma duk santsi ga kofuna a zube, a kula da taku. Kuma ba a ce kowane tebur sai ka cika ciki ba, yawan ruwa fiye da kima na tsarma gishirin jini kuma haɗari ne na gaske, ƙishi ya zama jagora.

Wajen kilomita 15 surutu ke ɗaukewa. Waɗanda ke raha ɗazu kowa ya yi tsit, ba ka jin komai sai tafin takalma da haki. Cinyoyi su yi nauyi kamar an ɗaura maka buhun yashi, sha-raɓa ta fara tsuke tana barazanar ɗaurewa, lissafi mai sauƙi ma ya gagara, ka kasa cire 17 daga 21. A wata gasa a daidai nan na iske wani matashi da ya wuce ni tun farko da gudu har yana waige, yanzu ya dafa gwiwoyi a gefen hanya kansa a ƙasa. Wani dattijo mai furfura da muke tafe tare tun wajen kilomita 8, takunsa gajeru ne ƙafa ko ɗagawa sosai baya yi, ya ɗan rage ya taɓa kafaɗarsa ya ce "taso yaro, kar ka tsaya, taka a hankali ka biyo ni." Yaron ya ɗago ya ce "Baba ƙafar ta ƙi." Ya ce "za ta yarda, taka dai." Ya kuwa taso ya bi bayansa. Ban da wannan ɗan ragewar, dattijon nan bai ƙara sauri ba bai rage ba tun da na gan shi, mu ne dai muka riƙa zubewa a gefensa, ni ma a kilomita 19 ya bar ni ina hangen ƙeyarsa.

Daɗin farawa a hankali a nan yake fitowa, don babu abin da ke ƙara wa mutum ƙarfi a ƙarshen gasa irin ya ga shi ke wuce mutane ɗaya bayan ɗaya. Idan ka yi rabin biyu da sauri fiye da rabin farko ko da da minti ɗaya ne, to ka iya gasar, ko nawa agogo ya nuna.

Sai rigimar da ba ta ƙarewa a bayan layin gamawa. Kowa da lambar yabo a wuya yana duba agogo yana cewa an cuce mu, nawa ya nuna 21.3, wani ya ce nasa 21.4, hanyar ta yi tsawo. Jama'a hanyar ba ta yi tsawo ba. Gasar da aka tantance da keke ake auna ta, ana ɗaura masa wani ɗan ma'auni a ƙafar gaba mai ƙirga juyawar taya, kuma mai awon yana bin layi mafi gajarta da ɗan gudu zai iya bi, yana yanke kowace kwana ta ciki. Sannan da gangan ake ƙara mita 1 a kowace kilomita don kar hanyar ta gaza, wato kusan mita 21 ke nan a rabin fanfalaki. Kai kuwa ka yi ta kewaye mutane, ka ratse zuwa teburin ruwa, ka sha kwana ta waje, ga GPS ɗin agogon shi ma yana ɗan kuskure musamman tsakanin dogayen gine-gine. Don haka mai neman ƙasa da awa 2 kar ya dogara da 5:41 ɗin da agogo ke nuna masa, ya riƙe wajen 5:37 ko ya riƙa duba lokacinsa da allunan kilomita da ke bakin hanya, in ba haka ba agogo zai ce masa ya gama alhali layin na can gaba da mita ɗari biyu.