Ƙidayar ma'aikata a jami'ar Kanada: abin da aikin ya koya mini

A Kanada, jami'ar da ke da ma'aikata 100 ko fiye, in ta karɓi kwangilar gwamnatin tarayya ta dala miliyan 1 zuwa sama, wajibi ne ta san su wa ke yi mata aiki, ta kuma nuna tana ƙoƙarin yi wa kowa adalci wajen ɗauka da ƙarin girma. Tushen abin rahoton da Mai Shari'a Rosalie Abella ta fitar ne a 1984, wanda ya haifi dokar daidaito a wurin aiki ta 1986, aka sake rubuta ta a 1995. Rukuni huɗu dokar ta ware: mata, 'yan asalin ƙasa kamar Inuit da Metis, masu buƙata ta musamman, sai tsirarun da ba fararen fata ba. Ni kuma a ofishin kula da ma'aikata na wata jami'a aka ɗora mini tattara waɗannan bayanai.

Takardar tambayoyin da ma'aikata ke cikewa gajera ce, cikin 'yan mintuna an gama ta a kwamfuta. Sai dai tana da sharaɗi mai nauyi. Mutum ne da kansa zai faɗi rukunin da yake, kuma ba dole ba ne ya faɗa. Ko da na ga abokin aiki a keken guragu kullum, ba ni da ikon rubuta shi cikin masu buƙata ta musamman matuƙar bai rubuta kansa ba. Mutum na iya shiga rukuni fiye da ɗaya, yana kuma iya sauya amsarsa duk lokacin da ya so. Ga shi gwamnati na son aƙalla kashi 80 cikin 100 na ma'aikata su amsa. Ke nan duk aikin ya rataya ne a kan yardar mutane.

Saƙon imel bai kai mu ko'ina ba. Malaman da ke zaune gaban kwamfuta sun amsa, amma masu shara da masu girki da masu gadin dare shiru. Da yawansu ba sa buɗe imel ɗin jami'a, kuma su ne mafi yawan baƙin haure a cikinmu. Sai muka buga takardar, muka haɗa da ambulan da mutum zai liƙe da hannunsa, muka bi su lokacin canjin aiki, tare da wakilan ƙungiyar ƙwadago da suka sani suka kuma amince da su. Daga nan amsoshi suka fara shigowa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne ɗan Najeriya, malami a sashen kimiyya. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ƙanwata, a gida an tambaye ni jihata, na san abin da amsar ta jawo mini. Nan ma launin fatata za ku rubuta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, shugaban sashenku ba zai taɓa ganin amsarka ba." Ya ce to wa zai gani? Na lissafa masa mutanen, na nuna masa cewa ana ajiye amsoshin daban da fayil ɗinsa na aiki, kuma a rahoto ba ma fitar da adadin da bai kai biyar ba, don kada a gane mutum. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk wanda ya taɓa neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ya san yadda tsarin raba daidai, da aka sa a kundin tsarin mulkin Najeriya da kyakkyawar niyya, kan rufe wa wanda aka haifa a gari ƙofa saboda kakansa daga wani wuri ya zo. Na yi masa bayanin cewa a nan ba a raba guraben aiki da sunan kowa. Ana ɗaukar jimillar ne a gwada da alƙaluman ƙidayar jama'a ta ƙasa, a ga mutum nawa na kowane rukuni ke da ƙwarewar wannan aikin a waje, nawa ne kuma a cikin jami'a. Inda giɓi ya bayyana, nan ake sa buri a kuma binciki dalili.

Tambayar nakasa ce aka fi tsallakewa. Mai ciwon da ba a gani da ido, kamar damuwar ƙwaƙwalwa ko ciwo mai daɗewa, yana tsoron a ɗauke shi a matsayin wanda ba zai iya aiki ba, musamman in kwantiraginsa na shekara ɗaya ne. Don haka nake karanta wannan adadin da sanin cewa bai kai gaskiyar lamari ba.

Abin da ya fi buɗe mini ido shi ne lokacin da muka rarraba alƙaluman mataki-mataki. A dunƙule jami'ar ta yi kyau, har a yi alfahari. Da aka ware farfesoshi da shugabannin tsangayu daban, masu koyarwa na wucin gadi daban, sai hoton ya sauya: yawancin 'yan waɗannan rukunan suna ƙasa, sama kuwa ƙalilan. Haka kuma zuba ɗan Sin da ɗan Indiya da Balarabe da baƙar fata a rukuni guda na ɓoye abubuwa da yawa, domin wasu na iya cika adadin alhali baƙaƙen fata kusan babu su. Shi ya sa muka ƙara tambayar da ke ba mutum damar fayyace kansa. Na ji daɗi ƙwarai da kwamitin Farfesa Adelle Blackett, wanda gwamnatin tarayya ta kafa don sake duba dokar, a rahotonsa na ƙarshen 2023, ya ba da shawarar a mai da baƙaƙen fata rukuni mai zaman kansa.

Masu cewa cike takarda ɓata lokaci ne ina ba su labarin kujerun bincike na Kanada, wato shirin gwamnatin tarayya na ɗaukar nauyin muƙaman farfesoshi masu bincike a jami'o'i. An kafa shirin a 2000, malamai mata takwas suka kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin ɗan Adam a 2003 kan yadda ake rabon, aka yi sulhu a 2006, aka ƙarfafa shi a 2019 da burin da jami'o'i za su cimma nan da 2029. Da alƙaluma aka kafa wannan hujja.

Bayan an rufe ƙidayar, na nace sai mun koma wa mutane da sakamakon, har masu aikin dare, a wurin da muka same su da farko. Mun faɗa musu inda giɓin yake, da abin da aka yanke: tallata guraben aiki a wuraren da ba a saba ba, horar da kwamitocin ɗaukar ma'aikata, da gyara hanyar neman sauƙin aiki ga mai larura. A wannan zaman ne wasu da suka ƙi cikewa tun farko suka nemi a ba su takardar.