Mustang ɗina ya samu ƙashin baya: yadda na zaɓi ƙarfen haɗa shasi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon kwanciya a ƙarƙashin mota. Kwana biyu kun ji ni shiru. Sanyin jihar Ohio ta Amurka ne ya kore ni daga gareji, sai da ƙanƙara ta narke na koma kan aiki. Ga wanda bai san motar ba: Mustang LX ce ƙirar 1989, injin V8 da ake kira 5.0, giya biyar ta hannu. Niyyata ta bana ita ce in sayi salansa mai ruri da sababbin shokazoba. Ban sayi ko ɗaya ba, kuma ƙofar direba ce ta ja min.

Ranar da zan canza birkin gaba, na sa jak a ɓangaren direba na ɗaga. Sai na tuna na bar sifana a kan kujera. Na ja ƙofa, ta ƙi. Na ƙara ƙarfi ta buɗe da wata irin ƙara, da na zo rufewa kuwa sai da na tallabo ta da gwiwa kafin ta shiga makullinta. Ina sauke motar ƙasa, ƙofa ta koma lafiya lau kamar ba ita ba. Na sake ɗagawa, ta sake ƙi. Ashe ƙofar ba ta da laifi, motar ce gaba ɗaya take lanƙwashewa a tsakiya.

Dalilin yana cikin ƙirar. Waɗannan Mustang na 1979 zuwa 1993, da ake wa laƙabi da Fox, an ɗora su ne a kan ginin da Ford ta fara amfani da shi a Fairmont ta 1978, motar kai yara makaranta da zuwa cefane. Ba su da dogon shasi daga bamba zuwa bamba irin na a-kori-kura. Bodin ne shasin. A gaba akwai ƙaramin shasi da ke ɗauke da inji da ƙafafun gaba, a baya akwai wani da ke riƙe da aksil. Tsakaninsu, wato daidai inda kake zaune, babu komai sai siririn ƙarfen daɓen mota da sandunan da ke ƙarƙashin ƙofofi da rufi. To, a ɗora wa wannan injin da Ford ta ce yana ba da ƙarfin doki 225, a bar shi sama da shekara 30 yana murɗa shi duk lokacin da aka saki kuloci. Abin da masu sayarwa ke kira sabfirem konekta ƙarfe biyu ne kawai, ɗaya dama ɗaya hagu, da ke bi ta ƙarƙashin daɓe su haɗa shasin gaba da na baya. Ni dai ƙarfen haɗi nake ce musu.

Da na shiga neman wanda zan saya, na tarar da sunaye da yawa: Maximum Motorsports, Steeda, BBK, Global West da sauransu. Na kwashe sati guda ina kwatanta sunan kamfani da sunan kamfani, kuma ɓata lokaci na yi. Tambayoyin da suka dace ba su shafi tambarin da ke jikin kwali ba.

Ta farko, na ɗaurewa da noti ko na walda? Na noti ya fi jan hankalin irina, don a gida zan ɗaura abina da yamma guda, ba sai na biya kowa ba. Amma ka duba inda notin zai kama. Ƙarfen wurin ba shi da kauri, kuma duk lokacin da mota ta motsa, bol ɗin yana cin gefen raminsa. A hankali ramin da yake zagaye sai ya koma kamar ƙwai, ƙarfen ya riƙa wasa kafin ya fara riƙewa. Wannan ɗan wasan kuwa shi ne ainihin abin da ka sayi ƙarfen don ka kashe. Shi ya sa da yawa daga masu sayen na noti suke komawa su sa a bi shi da walda daga baya. Na ce in dai ƙarshenta wurin mai walda za ni, gara in tafi tun farko.

Ta biyu, gajere ko dogo? Gajeren yana taɓa ƙarshen shasin gaba da farkon na baya ne kawai. Dogon yana kwanciya a jikin kowannensu ya bi shi da nisa, saboda haka wurin walda ya fi yawa, nauyin kuma ya bazu maimakon ya taru a tabo ɗaya. Akwai na uku da ake yanka daɓen motar a nutsa ƙarfen a ciki a bi shi da walda tun daga farko har ƙarshe. Shi ya fi duka ƙarfi, amma wannan na motar tsere ce da aka riga aka fitar wa kafet da kujerun baya. Tawa har yanzu ina zuwa masallacin Juma'a da ita.

Inda na fi daɗewa shi ne siffar ƙarfen, kuma a nan na koyi abin da ban sani ba. Da ina ɗauka idan an ce kuromoli, wato ƙarfen nan mai lamba 4130 da ake yin kejin bututun da ke kare direban motar tsere da shi, to ya fi ƙarfe gama-gari ƙin lanƙwasa. Ba haka ba ne. Kuromoli ya fi jure nauyi kafin ya lotsa ko ya karye, amma wajen ɗan bayarwa da dawowa, kusan duk ƙarafan sitil ɗaya suke. Idan bututu biyu girmansu ɗaya kaurinsu ɗaya, bayarwarsu ɗaya ce, ko da ɗayan ya ninka ɗayan kuɗi. Abin da ke kawo bambanci shi ne tsayin bututun daga sama zuwa ƙasa. Ku ɗauki rula ta katako ku gwada: a kwance ko yaro zai lanƙwasa ta, amma a tsaye a kan gefenta ba za ta ko motsa ba. A sandar ƙarfe marar rami, idan ka ninka tsayin nan sau biyu, ƙin lanƙwasarta yana ninkuwa sau takwas. Don haka bututu mai kusurwa huɗu da ya ɗan fi tsayi, ko da bangonsa siriri ne, yana iya fin gajere mai kaurin bango aiki, kuma bai kai shi nauyi ba. Sai dai duk abin da aka ƙara a tsayi, daga tazarar mota da ƙasa aka ciro shi. Mai motar da aka saukar ƙasa sosai ya auna kafin ya saya, in ba haka ba kowane tudun rage gudu sai ya gaisa da shi.

Na tsaya a kan dogo, na walda, mai kusurwa huɗu, wanda ke zuwa da 'yan hannuwa da ke kama notunan baya na kujerun gaba. Wannan na ƙarshen ba ado ba ne. Daɓen Fox ya yi suna wajen tsagewa a gindin kujerar direba, kuma da na ɗaga kafet na ga tawa ma ta fara, wani siririn layi kamar gashi daga ramin notin.

Saura kaɗan in yi kuskure babba a nan. Har na buɗe walat zan biya, sai wani tunani ya ce min in shiga ƙarƙashi da tocila da sukudireba tukuna. A jihar nan gishiri ake watsa wa titi duk lokacin ƙanƙara, kuma gishiri da ƙarfe ba sa ga maciji. Na bi shasin baya ina caka. A hagu sukudireba tana dawowa da ƙara mai daɗi. A dama, kusa da akwatin ƙarfen nan da hannun aksil na ƙasa ke ɗaure a jikinsa, wanda ake kira tok boks, sai ta nutse har rabinta, garin tsatsa ya zubo min a fuska. An shafe wurin da baƙin kwalta mai kauri, daga waje sumul. Da na kai motar a haka, a jikin me za a yi waldar? Sati biyu suka tafi a yanke ruɓaɓɓen wurin, a yi masa faci da sabon ƙarfe, a ƙarfafa akwatin. Kuɗin salansa a nan ya ƙare. Uwargida ta ce ai ko ba komai maƙwabta sun huta.

Wurin walda kuma sai da na zagaya gareji biyu. Na farko suka ce in kawo kawai, za su ɗaga ta a kan lif mai ƙafa biyu, irin wanda ke tallabar bodi ya bar tayoyi suna reto. Na yi godiya na fita. Ku tuna da ƙofata: mota a rataye a lanƙwashe take. Idan aka yi walda a wannan hali, an daskarar da lanƙwasar ke nan har abada, ƙofa ba za ta sake rufuwa daidai ba. Dole nauyin motar ya zauna a kan tayoyinta huɗu, a wuri mai daidaito. Na biyun wani dattijo ne mai lif ɗin da ake hawa da mota kansa. Kafin in gama bayani ya ce, “Buɗe ƙofofin nan ka rufe in gani, in mun gama ma za ka sake.” Nan hankalina ya kwanta.

Shirin ya fi waldar cin lokaci. Mun cire kan batir. Mun fitar da kujeru, mun naɗe kafet da audugar da ke ƙarƙashinsa, don zafi yana ratsa daɓe nan da nan. Bututun mai yana bi ta ƙarƙashi kusa da wurin aikin, sai muka kwance maƙalansa muka janye shi gefe, dattijon ya kare shi da bargon walda. Muka goge kwalta da fenti da giranda har ƙarfe ya fito fari, a jikin motar da kuma jikin sabon ƙarfen. Ya sa jak ya danna kowane ƙarfe ya manne da shasi ba tazara, ya ɗiɗɗiga masa wuta a wurare kaɗan, ya ce in gwada ƙofofi, sannan ya ci gaba. Ba ya jan layi mai tsawo. Ya yi kaɗan a nan, ya koma can ɓangaren, ya dawo, don kada siririn ƙarfen motar ya huje ko ya karkace. Ni kuwa ina tsaye a kan lif da jiƙaƙƙen tsumma da tukunyar kashe gobara, idona a kan daɓe. Sau ɗaya wani guntun kwalta da ya tsere mana ya fara hayaƙi, na danne shi. Bayan ya huce muka bi duk inda wuta ta taɓa da fenti.

Sakamako, ba tare da ƙari ba: motar ba ta ƙara gudu ba. Amma ƙarar da ke fitowa daga wajen bayan motar duk lokacin da na hau gangaren shiga gida a karkace ta ɗauke. Idan na taka rami, yanzu duka ɗaya nake ji, ba wannan rawar da ke biyo baya ba. A kwana, gindin motar yana bin gabanta ba tare da jinkiri ba. Na ɗaga ta da jak a wuri ɗaya da na farko, ƙofa ta buɗe da yatsa biyu. Murɗewa dai ba ta tafi duka ba, domin ƙarfe biyu a kwance sun fi maganin lanƙwasa fiye da murɗa. Mai son kashe wannan sai ya kai ga keji. Wanda kuma yake da niyyar shiga gasar tuƙin zagaya robobin alamar hanya ta SCCA, ƙungiyar tseren motoci ta Amurka, ya karanta dokokin ajinsa kafin ya kunna injin walda, don gyara irin wannan yana iya matsar da mota zuwa wani aji.

Wata matsalar kuma ta fito fili. Da can bodin ne ke shanye rabin duka, yanzu da ya daina, na gane shokazoban baya sun daɗe da mutuwa, na dama har mai yake zubarwa. Su ne aikin Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, tare da robobin hannuwan aksil. Salansa sai baɗi.