Kowace bishiya da mai ita

Ina koyar da kimiyya da aikin gona a wata ƙaramar sakandare ta je-ka-ka-dawo a arewacin Katsina, ba nisa da iyakar Nijar. Shekara uku na yi ina rubuta "kwararowar hamada" a allo, yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su dawo mini da ma'anar daidai. Amma a bayan tagar ajin nan iskar hunturu tana tara rairayi a gindin katanga, kuma ban taɓa jin yaro ɗaya ya haɗa rairayin nan da kalmar da ke cikin littafinsa ba. Filin makarantar fetal yake, sai dogon yaro guda ɗaya da malamai ke ajiye babura a inuwarsa. Abin ya riƙa damuna.

Sai na yi abin da na ga ana yi. Na roƙo dashe sittin, dogon yaro da turare, muka jira ranar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya. Aka yi jawabi, aka ɗauki hoto, aka tafa. Ban lura cewa a wajenmu damina ba ta zauna a farkon Yuni ba, don haka da yawa suka ƙone tun kafin ruwan kirki ya sauka. Aka tafi dogon hutu, gara ta ci nata. Bayan girbi aka saki awaki, suka ƙarasa sauran. Da na zagaya a watan Janairu, huɗu na samu da rai.

Ina tsaye a kan wani busasshen tsinke sai Baba maigadi ya ƙaraso.

"Malam, wannan da ta mutu ta wane ce?"

Na ce, "Ta makaranta ce, Baba."

Ya ce, "To, ai shi ya sa." Ya wuce abinsa.

Maganar nan ta kwana a raina. Shekarar da ta biyo ban fara da dashe ba sam. Aikin gida na ba 'yan aji biyu: kowa ya je wurin kakarsa ko kakansa ya tambayo sunayen itatuwan da ke garin nan a da, waɗanda yanzu sai an sha wuya a gan su. Na zaci zan samu biyar ko shida. Allo ya cika. Ɗorawa, kaɗanya, marke, ƙirya, kanya, ɗinya, kurna, tsamiya, har da sunayen da ni kaina ban sani ba. Wata yarinya ta ce kakarta ta gaya mata a ƙuruciyarsu sai a ɗora ruwan tuwo a fita bayan gari a ɗebo itace a dawo ruwa bai tafasa ba, yanzu kuwa saye ake yi. Wani ya ce kakansa ya nuna masa inda wata ƙatuwar ɗorawa take a da, wadda unguwa guda ke samun kalwar daddawa daga gare ta. Ranar ce karon farko da na ga yaran nan suna rige-rigen magana a darasina. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ilimin yana gidajensu tun tuni, ni ne ban taɓa aika su su ɗebo shi ba.

A ranar ce kuma na yi kuskuren da har yau yake min ciwo. Cikin zafin magana na ce masu sare itace su ne ke kashe mana ƙasa. Wani yaro a layin baya ya sunkuyar da kai. Kwana biyu bai zo ba. Daga baya na ji mahaifinsa itace yake sayarwa, da shi yake ciyar da su, da shi ya ɗinka masa kayan makarantar da ke jikinsa. Na je har gidansu na ba uban haƙuri. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce, "Malam, ba ka yi ƙarya ba, daji ya ƙare. Amma tuwon gidanka da me ake dafa shi?" Ban da amsa. Tun daga ranar na daina koyar da muhalli da nuna yatsa. Yaron da aka sa ya ji kunyar sana'ar ubansa ba zai saurari komai ba, kuma gaskiyar ita ce dukkanmu muna cin tuwon itacen nan.

Abin da ya buɗe mana hanya daga tsallaken iyaka ya zo. Baba maigadi yana da dangi wajen Magarya, shi ya fara ba ni labarin gonakinsu da suka cika da gawo, alhali babu wanda ya dasa. Na bi diddigi na samu labarin sassaben zamani. A farkon shekarun 1980, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a yankin Maraɗi ya gaji da dashen da ke mutuwa, sai ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai ga bishiya, domin saiwarta ta riga ta yi nisa. Manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi abin, har aka ƙiyasta cewa fili kimanin hekta miliyan 5 ya farfaɗo a kudancin Nijar. Abin da ya fi burge ni shi ne manomi ba ya rasa itacen girki, rassan da yake datsewa kowace shekara nasa ne.

Muka fita filin makaranta muna duba ƙasa. Wurin da na yi shekaru ina kira fetal, ashe cike yake da tohon kalgo da sabara da gawo, awaki na ci suna sake fitowa. Goma sha ɗaya muka zaɓa, muka gyara, muka ɗaura wa kowane jan ƙyalle. Yaron nan mai uba mai itace shi ya fi kowa iya riƙe adda, shi ya koya wa sauran yadda ake sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. A gindin gawo ban koyar da komai ba, tambaya kawai na yi. Su suka gaya mini yana zubar da ganye da damina, gero ya samu rana, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su ci 'ya'yansa su yi kashi a inuwarsa, shi ya sa hatsin gindinsa ya fi kyau. Nawa kawai ƙarin bayani ne kan yadda saiwarsa ke ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun taki.

Dashe kuwa muka daina roƙo, muka raini namu. Ledar fiya wata da ke watse a filin muka tsince, muka huda gindinta, muka cika da rairayi da ƙasa da taki. Mun koyi abubuwa da hannu: ƙwallon kuka sai an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana kafin ya yarda ya tsira, irin dogon yaro kuwa sabo ake shukawa, idan ya jima ba ya fita. Muka jira tsakiyar Yuli, ruwa ya zauna, sannan muka dasa arba'in kacal. Kowace bishiya aka ba ta yara uku da gidajensu ke kusa, aka rubuta sunayensu a littafi, su za su yi mata shingen ƙaya, su barbaɗa toka saboda gara, su leƙa ta lokacin hutu. Ruwa shi ne babbar wahala, don rijiyar burtsatsenmu takan lalace. Sai muka ajiye bokitai a wurin alwala, ruwan da a da ke bin ƙasa ya koma gindin dashe.

Iyaye wasu sun yi ƙorafi cewa an mai da 'ya'yansu leburori. Malamin addininmu ne ya raba gardamar a taron iyaye da malamai, ya kawo hadisin da ke cewa babu musulmin da zai dasa itace, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga gare shi, face ya zama sadaka a gare shi. Wani dattijo ya ce a rubuta masa bishiya ɗaya da sunansa, jikansa zai riƙa ba ta ruwa.

Batun leda dai har yanzu ya fi ƙarfinmu. Wani mahauci ya taɓa nuna wa yaran dunƙulen ledar da ya ciro daga tumbin tunkiya, gani ya kori ji, sun daina yarwa a fili. Amma idan mun tara, ba mu da inda za mu kai ta, ƙonawa kuma hayaƙinta cuta ne.

Na rataya taswirar shirin nan na katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, na nuna musu Katsina cikin jihohi 11 na Najeriya da ya shafa. Sun kalla, amma littafin ƙidayarmu ya fi jan hankalinsu. A watan Afrilu, tsakiyar zafin bazara, muka ƙirga: 27 cikin 40 na da rai, kututtura 11 kuwa duk sun tashi, gawo biyu har sun fi ni tsawo. 'Yan aji uku da za su fita kowa ya kama hannun ɗan aji ɗaya ya kai shi gindin bishiyarsa, aka rubuta sabon suna a ƙarƙashin tsohon.

Ɗorawa ce ta ƙi mu, sau biyu muna shukawa tana mutuwa. Makon jiya yarinyar nan ta zo da ƙullin tsumma daga kakarta, kalwa ce da tsohuwar ta sa aka kawo mata daga wajen Funtuwa, ta ce a sake gwadawa, a dasa a kwarin bayan aji inda ruwa ke kwanciya. Mun jiƙa ta jiya da yamma, gobe da safe 'yan aji biyu za su cika ledoji.