Saƙon godiya bayan karɓar albashina na farko

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, a ƙarshen watan jiya na karɓi albashin farko a rayuwata ina da shekara 33, kuma na ga bai kamata in yi shiru ba alhali akwai mutanen da suka ɗauki nauyina tsawon shekara 8 da na yi ina fama da ciwon damuwa mai tsanani.

Ciwon ya same ni ina aji biyu a jami'a. Barci ya ƙaurace mini, na daina shiga aji, daga baya ma ko ƙofar ɗaki ba na iya buɗewa. An yi addu'a, an sha rubutu, sannan Yaya ta dage cewa a haɗa da asibiti, ta kai ni asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau da kanta. Duk ɗan Kano ya san yadda ake jefa sunan wannan wuri cikin zolaya, saboda haka ba ƙaramin ƙarfin hali ta yi ba. Yaya, Allah ya saka miki da alheri.

Hajiya kuwa, ban san da wane baki zan gode mata ba. A cikin wani ɗan kwanon samira take ajiye maganina, kullum bayan sallar isha'i ta ƙirga ƙwayoyin a tafin hannuna, ta tsaya har sai ta ga na haɗiye. Lokacin da na ji sauƙi na ce zan bar sha, ita ce ta tuna mini gargaɗin likita cewa yanke irin wannan magani farat ɗaya yana dawo da ciwon. Ina godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya da suka saurari kokena game da rawar hannu da nauyin jiki da safe, suka yi ta daidaita maganin har ya zauna mini.

Da na koma na kammala karatu na riga na haura shekara 30, sai aka ba ni takardar yafe hidimar ƙasa maimakon in tafi sansani kamar sauran. Daga nan aka shiga neman aiki, kuma duk inda na je tambayar ɗaya ce: ina ka shige duk shekarun nan? A wani ofis na faɗi gaskiya, sai na ga mai tambayar ya rufe fayil ɗin a hankali, ya ce za su kira ni. Har yau ba su kira ba. Na san cewa a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma a ganina labarinta bai kai teburin masu ɗaukar ma'aikata da yawa ba tukuna.

Kawu ne ya kai ni wurin wani Alhaji mai harkar riɗi da zoɓo da waken soya, bai ɓoye masa komai ba. Alhaji ya dube ni ya yi tambaya biyu kacal: ko na iya riƙe littafin lissafi, kuma wace rana nake ganin likita, domin ya san yadda zai tsara aikin. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Yanzu ni ke tsayawa gaban sikeli ina rubuta buhunan da suka shigo sito da waɗanda suka fita, da yamma in shigar da su kwamfuta. Ina kuma gode wa 'yan dako, waɗanda a makon farko suka yi haƙuri da jinkirina, wani lokaci buhu na kan wuyansu ina sake ƙirge.

Siton namu a kasuwar hatsi ta Dawanau yake. Titin Katsina da na yi shekaru ina bi a kujerar baya, kaina a sunkuye, Yaya na riƙe da katin asibiti, shi nake bi yanzu kowace safiya da littafin rasit a jaka. Ban daina shan magani ba, kuma ban daina zuwa asibiti ba. Ranar Talata ma ina da ganin likita, Alhaji ya ce in je da sassafe in dawo kafin motar riɗi ta iso.